Tsakuwar da Aka Kai Gidimuni Cikin Kwalba

Shekarar da aka rufe iyaka, wutar da ke zuwa mana daga kudu ta ɗauke, Damagaram ta koma kwana da fitilar hannu, ita ce na fi tunawa cikin duk shekarun da na yi ina duba cikin mutane da na'urar eko. Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya san abin da ke cikin kowane ciki tun kafin mu ɗora na'ura a kai. Saboda ku nake rubuta wannan, ku matasan da ake turo mana daga lakwal, wato makarantar boko, ku koyi aiki. Kwanan baya na ji ɗayanku a bakin famfo yana gaya wa abokinsa cewa aikin Malam Gana ba wuya, shafa mai ne da kallon talabijin. Ban tanka masa ba, don ni ma haka na ɗauka ranar da na fara.

Gidanmu cikin Birni yake, kakannina daga Barno suka zo. Allo na fara riƙewa, kuma mahaifina shi ke rubuta wa mutanen unguwa wasiƙa da ajami, ni ke karanta wa tsofaffi amsar idan ta iso. Sai da na yi wayo aka sa ni lakwal. Daga baya na zama mai jinya, aka tura ni sashen hoto na asibiti, a nan na faɗa hannun Madam Falmata, lokotoro, wato likita, wadda ta koya mini wannan sana'a.

Aikina na farko a wurinta ba a kan marar lafiya na yi shi ba. Direban asibiti ta kira, wani ƙato mai lafiya, ta ce ya kwanta. Ta miƙo mini kan na'urar, wanda muke kira sondi, ta kashe fitila, ta ce in ɗora a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama.

"Me ka gani?"

"Hayaƙi, Madam."

"Kai da aka ce kana karanta ajamin da ba wasali, yau hayaƙi ya gagare ka?"

Ta bar ni da direbobi da masu shara da masu gadi tsawon damina guda. Duk wanda ya gifta ƙofa da safe kafin ya karya, sai ta kama shi. Ta ce ba za ta ba ni marar lafiya ba sai idona ya ƙoshi da lafiyayyar hanta. Gaskiyarta ce wajen ajamin. Wanda ya saba da rubutun hannun mutane daban-daban ya san ba kowane ɗigo ne harafi ba, wani tawada ce ta zuba. Haka allon na'ura yake. Iskar hanji takan yi fari kamar dutse, haƙarƙari yakan jefa inuwa kamar dutse, kuma wanda ya yi gaggawa zai tura mutum ƙarƙashin wuƙa a kan tusa.

Maɗaciya, wadda wasu ke ce wa matsarmama, 'yar jaka ce manne a ƙarƙashin hanta. Kun san ta, ita ce mahauci ke cirewa da hattara don kada ta fashe ta ɓata nama. A allo baƙa take fitowa, kamar ƙaramin gora cike da ruwa. Idan akwai tsakuwa a ciki za ka ga fari, da baƙar inuwa ta sauka a bayansa kamar inuwar katanga da hantsi. Amma kada ka rubuta komai tukuna. Ce wa mutum ya juya bisa gefen hagu. Tsakuwa takan gangara, tsiron da ke jikin jakar ba ya motsi. Sannan ka danna a hankali ka ce ya ja numfashi. Idan numfashin ya tsaya masa a tsaka, ya kama hannunka, jakar ta kumbura, a kira lokotoron fiɗa yau, ba gobe ba. Kuma duk wannan sai ciki ba komai. Mutum ya ci abinci, jakar ta matse ta zubar da ruwanta, ka neme ta ka rasa.

Wata mai tuyar ƙuli-ƙuli daga garin Dogo ta zo mini da ciwon da ta yi shekaru tana sha wa maganin olsa. Gefenta na dama duk tsagar wanzami ce, sabuwa bisa tsohuwa. Yawancin masu zuwa mana da wannan ciwo irinta ne, mata da suka manyanta, suka haihu da yawa, kuma kafin su iso sun bi ta hannun mai ƙaho da mai saiwa da mai kantin magani. Na ga tsakuwarta guda ɗaya, babba, kamar ƙwan kurciya. Lokotoro ya ce ta rage mai kafin ranar aiki. Ta dube shi, ta dube ni.

"Malam, gaya masa da Hausa mai kyau. Ni mai nake sayarwa."

"Ki sayar, Hajiya, ba a ce ki sha ba."

"To wa zai ɗanɗana mini?"

Ba na raina wanzami a gaban marar lafiya, ku ma kada ku raina. Idan ka zagi wanda ya bi kafin ya zo wurinka, kunya za ta hana shi gaya maka abin da ya sha, kuma kana buƙatar sani.

A shekarar rufe iyaka kayan aiki suka fara ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Lokacin Madam Falmata ta yi ritaya. Babbar na'ura ba ta tashi sai da wuta, wuta kuwa sai ta ga dama, injin asibiti kuma ɗakin fiɗa aka fi bar wa. Takardar buga hoto ta ƙare, na koma zana maɗaciya da biro a bayan takardar lokotoro. Sannan man da muke shafawa a ciki, wanda ba ya zuwa sai ta Kano, shi ma ya ƙare. In babu shi sondi ba ya ganin komai. Wata matashiyar lokotoro, Zara, ta ce ta karanta cewa a wasu ƙasashe ana dama garin rogo a yi aiki da shi. Na kai maganar gida. Mai ɗakina ta tankaɗe garin, ta dama shi da ruwa da ɗan gishiri har ya yi yauƙi kamar kunu mai kauri, muka tace muka zuba a gorunan roba. Ba ya daɗewa yake tsami, don haka kusan kowace asuba sai an dama sabo. Hoton ya fito. Wani tsoho da na shafa wa ya shinshina ya ce, "In akwai saura a ƙara sukari, tunda kun hana ni karyawa."

Lokotoro Zara bincike take yi a kan wannan ciwo, kuma har yau tana kai. Masana a duniya ba su rufe maganarsa ba. An san cewa mutane da yawa na yawo da tsakuwa ba ta dame su ba, kuma irin waɗannan galibi ƙyale su ake yi. An san akwai maganin narkarwa, amma yana ɗaukar lokaci, ba kowace tsakuwa yake ci ba, kuma takan dawo. Ana cire jakar ta babban yanka ko ta ƙananan huji da kyamara. Amma wa ya kamata a yi wa da wuri, wa zai iya jira, yaya manomi ke komawa gona bayan aiki, ita tana son ta gani da idonta a cikin mutanenmu. Don haka take bin waɗanda aka yi wa aiki har garuruwansu, ta duba su, ta duba danginsu in sun yarda. Tana da ƙaramar na'ura mai batir da ke shiga jaka. Ita ta riƙe mu a wannan shekara.

Da wannan ƙaramar na'ura na duba Malam Idi, bayan an gama girbin gero. Mai lambu ne a bakin tafkin Gidimuni, yana noman rake da albasa, dogo, marar yawan magana. Jakarsa cike take da ƙananan tsakuwa, da na juya shi suka zubo gefe ɗaya kamar an karkata ƙwaryar wake. Na tambaye shi yaushe ciwon ke tashi.

"Ranar da na ci abincin gidan Ɗan Jimma."

Ɗan Jimma taubashinsa ne, ɗan ƙanwar mahaifinsa, kuma lambunsu haɗe yake. Na ce me aka dafa. Ya ce karon farko naman ragon suna ne, na biyu tuwo da miyar da man shanu ke iyo a kai, don Hassu matar Ɗan Jimma hannunta sake yake wajen mai. Na ce masa ai wannan shi ne halin ciwon. Maiƙo ya sauka, jakar ta matsa don ta zubar da ruwanta, tsakuwa ta toshe bakin, ciwo ya soka har allon kafaɗa. Da a gidansa ya ci irin wannan maiƙo, haka zai ji. Ya gyaɗa kai ya ce, "Haka ne, Malam." Ku riƙe wannan: mutumin ƙauye mai ladabi zai ce maka haka ne don ya girmama ka, ba don ya yarda ba.

Aka yi masa aiki lafiya, aka cire jakar. A lokacin al'adar ɗakin fiɗa ce a wanke tsakuwar a zuba a 'yar kwalba a miƙa wa dangi, don su ga ba a yanka mutum a banza ba. Al'ada ce mai amfani, ta sa mutane da yawa sun yarda da asibiti. Aka miƙa wa ɗansa kwalbar, suka koma gida. Yanzu ba a miƙa ta sai an zaunar da dangi an yi musu bayani, kuma dalilin ke nan zan faɗa.

Ana saura kaɗan a kama azumi wani mutum ya zauna a bencin ƙofata tun safe, ba takarda a hannunsa. Duk wanda aka kira sai ya matsa ya ba shi hanya. Da na sallami na ƙarshe ya shigo ya durƙusa ya gaishe ni.

"Kai ne ka ga tsakuwar Idi?"

"Ni ne."

"Ni ne Ɗan Jimma."

Ya ba ni labari ba tare da ya ɗaga murya ba. Tun kafin Idi ya zo asibiti sun yi 'yar sa-in-sa a kan wani dabino da ke tsaye kan iyakar lambu, irin wadda suka saba yi tun suna yara. Da ciwon ya tsananta aka kai Idi wurin wani boka, ya ce an ba shi abu a abinci. A ƙauyukanmu boka yakan tsotsi jikin mutum ya tofar da allura ko tsakuwa ya ce ga jifan. Saboda haka da kwalba ta iso Gidimuni, ba wanda ya gan ta a matsayin ciwo. Aka ce boka ya faɗa, asibiti ya tabbatar. Kwalbar ta zaga gida gida. Aka daina karɓar abinci daga gidan Ɗan Jimma, kwanon da Hassu ta aika wa maƙwabta ya dawo a rufe yadda ya tafi. Mata suka daina zama kusa da ita a wurin biki. Cikin sanyi zazzaɓi ya kama ta, Allah ya karɓi abarsa. Idi bai zo jana'iza ba, bai zo gaisuwa ba.

"Na sami mai sayen lambun," in ji shi. "Bayan salla zan kwashe yara mu yi arewa. Amma kafin in tafi ina so ka rubuta mini takarda cewa ba ita ba ce. In karanta a ƙofar masallaci, in tafi."

Na ce masa takardar da zan rubuta ba za ta fi kwalbar nauyi ba, don ita ana gani ana girgizawa. Na ce amma Idi na cikin waɗanda Lokotoro Zara za ta bi sawu, kuma Gidimuni na kan hanyarmu cikin azumi. Ban yi masa alkawarin komai ba. Na ce dai kada ya karɓi kuɗin lambu sai mun zo.

Azumi shi ne watan mai eko. Kafin azahar kowa cikinsa wayam, kowace maɗaciya ta cika ta yi tsaye, ba sai ka roƙi kowa ya bar karyawa ba. Muka isa Gidimuni da hantsi, muka sauka a ɗan asibitin garin, muka rufe taga da bargo don ɗakin ya yi duhu. Maigari ya sa an yi shela, mutane suka taru a inuwar bedi, wato dogonyaro, a ƙofa. Lokotoro Zara ta tsaya ta yi bayani, ni kuma na maimaita yadda za a fi ji: ba dole, ba kuɗi, kuma abin da aka gani a cikin mutum nasa ne, ba za mu faɗa wa kowa ba sai shi.

Idi muka fara dubawa. Wurin yanka ya warke sumul, hanyar ruwan maɗaciya ba ta toshe ba, ya ce yana ɗaukar dami. Kwalbar na cikin aljihun rigarsa, ina jin ƙararta da ya kwanta. Da ya fita na bi shi waje na yi wa jama'a bayanin yadda tsakuwa ke haɗuwa daga ruwan maɗaciya da kansa, sannu a hankali, shekara da shekaru, kamar yadda kanwa ke daskarewa a bakin tafkinsu. Wani mahauci ya ce gaskiya ne, su ma suna samu a maɗaciyar saniya, har akwai masu saye.

"Saniya ma ana jifanta," in ji wata murya daga wajen mata.

Aka yi dariya. Mai maganar Yaya Hajara ce, yayar Idi, dattijuwa mai ƙiba da carbi a wuya. A can garin Damagaram Takaya take aure tun tana yarinya, ta zo yin azumi wurin ƙanenta. Aka raɗa mini cewa ita ta fi kowa zafi a maganar, kuma tun can ba ta shiri da Hassu, ba ta taɓa sa hannu a kwanonta ba.

Sai Ɗan Jimma ya miƙe ya ce a duba shi. Na jawo shi ciki na ce ya yi tunani. In ba a ga komai ba za su ce ai mai jifa ba ya jifan kansa. In an gani za su ce har mijinta ba ta bari ba. Kuma ni abin da na gani zan faɗa masa, ba ƙari ba ragi. Ya ce ya ji, in duba. Na shafa masa kunun rogo, na bi hantarsa daga sama har ƙasa, na juya shi, na sake juyawa. Jakarsa baƙa wuluk, ko ɗigo babu. Na gaya masa. Ya goge cikinsa da tsumma, ya fita, kuma da bakinsa ya faɗa wa jama'a. Na ji gunaguni ya tashi a ƙarƙashin bedin. Lokotoro Zara ta dube ni, na ce a kira na gaba.

Muka duba 'ya'yan Idi da ƙannensa biyu. Rana ta take, batir ya fara ja baya. Ungozomar garin ta leƙo ta ce Yaya Hajara na son shiga, wai ta ga talabijin ɗin da ake ta magana. Ta shigo tana ce mini, "Kai ɗan Barebari, kada ka danne ni, da azumi nake." Na ce, "Yaya, mu ma ba mu sha ruwa ba." Ungozoma ta lulluɓe ta da zane ta bar tafin hannu ɗaya a buɗe, Lokotoro Zara ta tsaya wajen kanta.

Mai jiki sai an yi haƙuri. Na nema ta ƙarƙashin haƙarƙari iska ta tare ni, na koma tsakanin haƙarƙari, na ce ta ja numfashi ta riƙe. Jakar ta fito. Farare ne jere a gindinta, kowanne da inuwarsa. Lokotoro Zara ta duba ta tabbatar, ta tambaye ta ko tana jin ciwo a wurin. Ta ce ko sau ɗaya. Sai lokotoro ta gaya mata abin da muka gani, ta ce tunda ba ya damunta ba a taɓa shi, amma in ta ji suka a gefen nan bayan cin maiƙo, ko idonta ya yi rawaya, ta zo da sauri.

"Ƙarya ne," in ji ta.

Na juyo mata da allon. Na ce ta zuba ido, ta juya bisa hagu a hankali. Ta juya, tsakuwoyin suka gangara a gaban idonta. Ta koma rigingine, suka dawo. Ta sake juyawa da kanta ba wanda ya ce mata.

"Irin na kwalbar ne?"

"Irinsu ne, Yaya."

"Tun yaushe?"

"Allah ya sani. Amma ba na bana ba ne, ba na bara ba."

"Wa za ku gaya wa?"

"Ba kowa. Naki ne."

Ta gyara zanenta ta zauna bakin gado tana jan carbi. A nan aikina ya tsaya, kuma ina so ku gane wannan. Amsar da garin ke buƙata tana cikin ɗakin, lambun mutum da sunan matarsa na rataye da ita, amma ba ni da ikon buɗe ƙofa in faɗa. Ranar da mai eko ya fitar da sirrin ciki ɗaya, ko don alheri, ba wanda zai sake kwanta masa. Na shiga goge sondi. Ta tashi ta fita ba sallama.

Ba ta yi wa taron magana ba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Idi, zo." Ya zo ya rusuna, don ita ta goye shi. Ƙofar a buɗe take, ina ji.

"Abin nan da ke aljihunka, akwai shi a cikina. Na gani da idona yana yawo."

"Yaya..."

"Ni kuwa ka san ko ruwan gidan Hassu ban taɓa sha ba. Ka tuna Inna? Duk sallar layya sai ta kwana riƙe da gefen nan, muna cewa iska ce. Wa ya jefe ta? Lokacin Hassu ko yaye ta ba a yi ba." Ta ja numfashi. "Abin namu na gida ne. Na ɗauki alhakin baiwar Allah, kai ma ka ɗauka. Ni zan shiga wurin 'ya'yanta. Kai ka san abin da ake binka."

Waɗanda ke kusa sun ji, kuma a ƙauye wannan ya isa. Ɗan Jimma ba ya wurin, tun bayan fitarsa ya koma gida.

Muka gama da la'asar, direba na ɗaure kaya. Idi ya zo ya ce mini, "Malam, raka ni." Na ce to. Muka bi ta lungu har ƙofar wani gida mai dangar kara. Ɗan Jimma na zaune a tabarma yana gyaran igiyar guga. Idi ya cire takalmi daga nesa, ya yi sallama, ya durƙusa.

"Na zo gaisuwa. Ya haƙuri?"

Ɗan Jimma bai ɗago ba sai da ya gama ƙullin da ke hannunsa.

"Da godiya."

"Allah ya jiƙan Hassu, ya sa ta huta."

"Amin."

Idi ya dube ni, na ɗaga hannu muka yi mata addu'a, muka shafa. Sannan ya ce, "Na zalunce ta, na zalunce ka. Ka yafe mini."

"Nawa na yafe. Nata kuma ka riƙa yi mata addu'a." Ya ajiye igiyar. "Ka makara dai. Gumbar sadaka an cinye tun cikin sanyi, kuma na san don ita kake zuwa gaisuwa."

"Mai sayen lambun da ka samu, ka sallame shi."

"Don ka ci gaba da satar mini dabino?"

"Dabinon ai na kakana ne."

"Kakanka ba kakana ba ne?"

Ana haka aka kira magariba. Muka sha ruwa da dabino, muka yi salla a ƙofar gida. Babbar 'yar Ɗan Jimma ta fito da akushi ta ajiye, ta tsaya daga gefe tana kallon Idi. Aka buɗe, tuwo ne da miyar kuka, man shanu kwance a kai. Mutanen da ke dawowa daga masallaci suka rage tafiya a bakin lungu.

Ɗan Jimma ya tura akushin gaban Idi.

"Hannun uwarta gare ta wajen mai," in ji shi. "Ka sani tun yanzu."

Idi ya dube ni. Na ce jakar da ke matsa masa tana Damagaram, ya ci kaɗan dai. Ya wanke hannu, ya yi bisimilla da ƙarfi yadda na bakin lungu za su ji, ya yanki loma daga tsakiya inda man ya taru.